Yini guda tsakanin Dala da Ƙofar Kudu

Na daɗe ina koyar da darasin zamantakewa a wata firamare a Malumfashi, amma sai a hutun da ya wuce na taka Dutsen Dala da ƙafata. Ɗan ƙanwata ne sila. Yaron yana aji shida, ya tsare ni da tambaya: "Kawu, tsakanin sarki da gwamna wa ya fi?" Na karanto masa amsar littafi, ya yi shiru irin na wanda bai ƙoshi ba. Na ce ya shirya, ranar Asabar sai Kano.

Da sassafe muka biyo hanyar Gwarzo, muka sauka a Kabuga, Adaidaita Sahu ya kai mu gindin Dala. Yaro ya haye matakalar kamar akuya, ni kuwa sau uku ina tsayawa da sunan kallon gari. Daga can sama birni ya baje, ga koriyar ƙubbar Masallacin Juma'a da hasumiyoyinsa, ga Goron Dutse ta yamma. Nan na ba shi labarin Barbushe, shugaban masu tsafi, da Tsumburbura, abin bautar mutanen Dala na farko, da yadda Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Ya ce, "To masu tsafin ina suka shige?" Na ce har gobe akwai Maguzawa a ƙauyukan Kano da Katsina, duk da dai da yawansu sun musulunta, wasu sun shiga Kiristanci. Na nuna masa wajen Sabon Gari, inda coci-coci ke cika ranar Lahadi.

A Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi, ba mu daɗe ba, yunwa ta fara magana. Abin da ya riƙe shi kawai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari ne, da sunan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. A zamaninsa ne Shehu Maghili ya zauna a Kano, ya rubuta masa nasiha kan abin da ya wajaba a kan mai mulki. A allo nakan ja layi tsakanin addini da gwamnati da al'ada, kowanne da kansa. Can na rasa inda zan ja layin.

A Ƙofar Kudu, ƙofar fadar Sarki, muka tarar da dogarai cikin jajaye da korayen riguna. Wani dattijo da ke zaune a inuwa ya ji gardamarmu, ya sa baki. Ya ce, "Malam, a bar yaro ya ji ta bakin wanda ya ga jiya. Da alƙali da ɗan doka da gidan yari duk na En'e ne, hukumar gargajiya ta da, a hannun Sarki suke. Gwamnati ta karɓe, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran." Ya gyara zama. "Amma yau in rigimar iyakar gida ta tashi a unguwarmu, ba wanda ke neman kansila. Wajen mai unguwa za a je, in ta fi ƙarfinsa a kai gaba har gun hakimi."

Ya ƙara da abin da ban taɓa kawowa a aji ba: a Hawan Nasarawa, Sarki ne ke hawa doki ya je gidan gwamnati ya gai da gwamna, kuma gwamnan ne ke miƙa wa sabon sarki sandar mulki. Amma jama'ar da ke cika titi ran nan, ƙuri suke ɗagawa ga mai rawani.

A mota yaro ya cinye gurasarsa da tawa. Mun wuce Rimin Gado ya juyo: "Kawu, to a jarrabawa me zan rubuta?"

"Tarayya, jiha, ƙaramar hukuma," na ce. "Kada ka sa dattijon nan, ba ya cikin manhaja."