Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Shekarun da Na Yi Ina Bayan Sabatini

A makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya shawo kan Inna ta yarda in riƙa bin sa kulob bayan la'asar, bisa sharaɗin dogon wando da ɗankwali, kuma kada magariba ta riske ni a waje. Yau zan ɗan kauce daga labarin cikin gida, domin tarihin shekaruna na sakandare ba zai cika ba idan ban ambaci wata mace da ban taɓa gani ido da ido ba, Gabriela Sabatini 'yar ƙasar Ajantina.

Aikin Kawu a kulob ɗin nan na Kaduna shi ne kula da filayen tanis. Na jar ƙasa ne, kullum sai an yayyafa ruwa, an daddaɓe, an sake zana layi. Nawa aikin tsintar ƙwallo, idan manya sun tashi kuma in ɗauki tsohon raket in yi ta dukan bango. A cikin manyan akwai wani likita mai yawan fita ƙasashen waje, duk dawowarsa da kaset ɗin bidiyo da mujallun wasanni. Ranar Asabar ake sa kaset a falon kulob. Su kan kujera, mu 'yan tsintar ƙwallo a ƙasa kusa da ƙofa.

Kaset na farko da na kalla har ƙarshe shi ne wasan ƙarshe na gasar US Open ta 1988. Kowa a falon Steffi Graf ya zo gani, don a ranar ce Bajamushiyar ta haɗa manyan kofuna huɗu na tanis a shekara guda. Ta kuwa ci turmi biyu cikin uku, 6–3, 3–6, 6–1. Ni dai idona na kan Sabatini, wadda aka doke, doguwa mai baƙin gashi, wadda ke buga bayan hannu da hannu ɗaya, ta murɗa ƙwallo ta tashi sama, in ta dira sai ta zabura har kafaɗar abokiyar karawa. A lokacin yawancin 'yan matan da ke tasowa hannu biyu suke sawa. Kawu ya sunkuyo ya ce mini, "Ke, duba ƙafarta. Wannan a kan jar ƙasa ta tashi, irin tamu." Wannan kalma ta Kawu ita ta sayar da ni.

Sauran labarinta a mujallun Likita na tsinta, in ya gama karantawa ya bar su a kan tebur. An haife ta a Buenos Aires ranar 16 ga Mayu, 1970. Tana shekara shida ta fara riƙe raket, ta biyo sahun yayanta, a kulob ɗin River Plate, wanda mu nan ƙwallon ƙafa kawai muka san shi da ita. Tana 13 ta cinye gasar matasa ta Orange Bowl a Miami, ta bar gida ta koma Florida wajen kocinta Patricio Apey, mutumin Chile. A 1985, tana 15 da 'yan makonni, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Faransa, sai da Chris Evert ta tsayar da ita. Na tuna na lissafa da yatsu, na ga a shekarun da Inna ke jayayya ko ya dace in tsallaka titi zuwa kulob, ita har ta tsallaka teku.

Shekarar 1988 ɗin nan tana da abin mamaki. A watan Yuli ita da Graf suka haɗa kai suka ci kofin 'yan bibbiyu na Wimbledon, turmin ƙarshe 12–10. A Satumba Graf ta doke ta a New York. Bayan 'yan makonni suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na Olamfik a Seoul, inda Sabatini ce ta riƙe tutar ƙasarta a bikin buɗewa, Graf ta sake cin ta 6–3, 6–3, ta bar ta da azurfa. Amma duk tsawon shekarar sau uku kacal aka doke Graf, biyu daga ciki Sabatini ce. Wannan lissafi na haddace shi, shi ne makamina duk lokacin da samarin kulob suka fara yi mini tsiya. A Nuwamba kuma ta ci gasar rufe shekara a Madison Square Garden, ta doke Pam Shriver. Zuwa 1989 ta hau mataki na uku a duniya, kuma can ne iyakarta har ta bar wasa.

Sai 1990. Masu shekaruna za su tuna yadda unguwanni suka kwana da ihu ranar da Kamaru ta ci Ajantina 1–0 a wasan buɗe gasar cin kofin duniya, da yadda Maradona ya yi kuka bayan Jamus ta karɓe kofin da bugun fenareti ranar 8 ga Yuli. Yayana, wanda Maradona ne gwaninsa, ya ƙi cin tuwo a daren. Bayan wata biyu cif, ranar 8 ga Satumba, Ajantina da Jamus suka sake haɗuwa, wannan karon mata biyu a New York.

Sabatinin da ta shiga fili ranar ta bambanta da wadda na sani. 'Yan watanni kafin nan ta sauya koci, ta ɗauko Carlos Kirmayr ɗan Burazil, shi kuwa ya raba ta da tsayuwa can baya tana jiran abokiyar karawa ta gaji. Ya ce ta riƙa kai hari raga. Dabarar a fili take ga wanda ya san wasan Graf: ƙarfinta duk a bugun gaba yake, bayan hannunta kuwa yanka ƙwallo take yi ƙasa-ƙasa. Idan ka tura mata ƙwallo ta wannan ɓangare ka ruga raga, dole ta nemi ratsa ka da bugun da ba ta fi so ba. Haka Sabatini ta yi ta yi. Turmin farko 6–2, kafin mutanen falo su gama gyara zama. Na biyu ya yi zafi har sai da aka je raba gardama, ta ɗauke shi 7–6. Kaset ɗin bai iso mu ba sai bayan makonni, kowa ya riga ya ji sakamako a rediyo, amma hakan bai hana ni tashi tsaye a bugun ƙarshe ba. Likita ya juyo yana dariya ya ce wa Kawu, "Malam, 'yarka ta ci mu yau." Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ta daɗe tana bin bashi."

Daga wannan kaset na koma koyon tare ƙwallo a raga. Kawu ya tsaya da kwando yana jefo mini, yana faɗin, "Kada ki ɗaga hannu, toshe kawai, toshe!" Bugun bayan hannu da hannu ɗaya kuwa ya ci mini wuyan hannu wata da watanni kafin ya zauna, domin raket ɗin katako ne mai nauyi, na wani da ya daina wasa.

Daga ƙarshen 1990 zuwa bazarar 1991 Sabatini ta doke Graf sau biyar a jere. A tsakanin nan ne ta yi wasan nan na turmi biyar da Monica Seles a New York, kusan awa huɗu, wanda mata ba su yi irinsa ba tun 1901, Seles ta ci. Saboda haka da aka zo wasan ƙarshe na Wimbledon a Yulin 1991, ni a raina an gama. Wannan kai tsaye muka kalle shi, a gidan Likita da ya sa tauraron ɗan'adam, matarsa ta shimfiɗa mana tabarma. Graf ta ɗauki turmin farko 6–4, Sabatini ta rama 6–3. A na uku sau biyu sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi, yana hannun Sabatini don ta rufe wasa, a 5–4 da kuma 6–5, har ta kai maki biyu kawai suka rage mata. Duk biyun Graf ta karya ta, ta ci 8–6. Sabis shi ne raunin Sabatini tun asali, musamman na biyu, wanda ba shi da ƙarfi, kuma in hankalinta ya tashi sai ta yi ta zubar da shi a raga. A hanyar gida ban ce uffan ba, Kawu ma bai matsa mini ba.

Abin da ya fi wannan ciwo ya zo a Paris a 1993. Tana gaban Mary Joe Fernández 6–1, 5–1, sau biyar ana cewa maki ɗaya ya rage ta gama, wasan ya kuɓuce, turmin ƙarshe 10–8. Tun daga Mayun 1992, lokacin da ta ci kofin Rum karo na huɗu, ba ta sake ɗaga kofi ba sai Nuwamban 1994. A wannan tsakani 'yan kulob suka yanke mata hukunci: mai kyau ce, mai baiwa ce, amma ba ta da zuciya, ta tafi sayar da turare. Turaren gaskiya ne, tun 1989 wani kamfanin Jamus ya fitar da shi da sunanta. Maganar zuciya ce ban taɓa yarda da ita ba, kuma ga dalilina.

Ranar 30 ga Afrilu, 1993, wani Bajamushe mai son Graf ya daɓa wa Seles wuƙa a baya ana tsakiyar wasa a Hamburg. Seles ce ta ɗaya a duniya a lokacin. Bayan kwanaki manyan 'yan wasa suka zauna a Rum don yanke shawara ko a ajiye mata matsayinta har ta warke. Kowace ta san idan Seles ta sauka, ita za ta ɗaga, kuɗin talla ma ya ɗaga. Suka ƙi. Sabatini kaɗai ce ta ƙaurace wa ƙuri'ar, kuma Seles da bakinta ta sha ambaton haka. Mace mai jin kunya irinta, a ɗaki cike da sa'o'inta, ta ƙi bin yarima a sha kiɗa. Ni wannan nake kira zuciya, ko da sabis ɗinta na biyu ya ci amanarta sau dubu.

Kunyar tata ma ba ƙarama ba ce. A wata hira da ta yi a 2013 ta bayyana cewa tana ƙarama akwai lokutan da takan saki wasa da gangan a kusa da na ƙarshe, don kada ta ci kofi a miƙa mata makirufo. Da na karanta wannan, na tuna 'yan mata da yawa da na koyar daga baya a makaranta, masu hannu sosai, waɗanda da zarar iyaye da baƙi sun cika bakin fili sai ƙafarsu ta mutu. Malamai maza kan ce lalaci ne. Ni na san ba shi ba ne.

A Yunin 1994, da Ajantina ta ci Najeriya 2–1 a Amurka, Siasia ya fara zurawa Caniggia ya rama biyu, sai da na yi mako ina shan gori a unguwa, wai 'yan uwana ne suka yi mana haka. Ban tanka ba, Nuwamba na zuwa Sabatini ta biya ni. A gasar rufe shekara ta fitar da Martina Navratilova a zagayen farko, a daren da ake bankwana da ita, sannan ta doke Lindsay Davenport a wasan ƙarshe. Ta ƙara kofi ɗaya a Sydney a farkon 1995, shi ne na 27 kuma na ƙarshe. A Oktoban 1996 ta sanar da ajiye raket tana shekara 26. Sau 40 suka kara da Graf, ta ci 11, kuma babu macen da ta doke Graf fiye da haka. A 2006 aka sa sunanta a zauren gwarazan tanis na duniya da ke Newport.

Lokacin da ta bar wasa ina kwalejin horar da malamai, an riga an kawo kuɗin gaisuwata, kuma dangin mijin da zan aura sun fara tambayar ko wannan tsalle-tsalle zai ci gaba bayan biki. Amma kafin mu kai can sai mun koma baya kaɗan. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin tafiyata ta farko zuwa Kano don gasar Dala, da yadda Inna ta ɗinke kuɗin motata a cikin haɓar zane, ta kuma haɗa ni da Goggo a matsayin mai gadi.