Gaba Biyar

Litinin, bayan sallar isha'i.

Bidiyon da ƙanena Auta ya turo ya shigo tun daren jiya, amma ban buɗe shi ba sai da asuba, ina zaune a falo ina jiran shayi. Da farko ban ga komai ba sai koren ruwa mai duhu-duhu da ƙarar numfashi mai nauyi, sannan wani baƙin ƙarfe ya bayyana, ciyawar teku ta lulluɓe shi tana kaɗawa, ƙananan kifaye suna shiga ta wata kafa suna fita ta wata. Can sai ga fuska a bayan tabarau, tiyo a baki, hannu ya haɗa babban yatsa da manuni ya yi zobe. Da idanun kaɗai na gane shi, domin idanun marigayi Baba ne. Na yi murna ƙwarai, na kira yara, suka taru a kaina suna rige-rigen riƙe wayar, har Maman yara ta bar ƙosai a wuta ta leƙo.

Hayaniyarmu ce ta fito da Inna, carbinta a hannu. Ta matso da wayar kusa da idon da aka yi mata aiki, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wane ne wannan a ƙarƙashin ruwa?" Na ce mata Auta ne, ya fita daga birnin Abadin na Sikotilan da abokan karatunsa a ƙarshen mako, sun haye zuwa tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotilan, inda ake koya wa mutane nutso da tukunyar iska a kan tsofaffin jiragen ruwa. Tambayarta ta farko ita ce ko akwai gawarwaki a ciki. A nan na faɗa mata gaskiya kamar yadda ya rubuto mini: wannan jirgi da gangan aka nutsar da shi, babu kowa a cikinsa, don a toshe mashigin Scapa Flow, inda sojojin ruwan Birtaniya suke ajiye jiragensu a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Toshiyar ba ta hana wani jirgin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin ruwa kutsawa a watan Oktoba na 1939 ba, ya nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Royal Oak da mutum fiye da 800. Wannan kam maƙabarta ce, doka ta hana masu yawon buɗe ido sauka a kansa, kuma Auta bai je kusa da shi ba.

Sai ta yi tambaya ta biyu, irin ta wadda ta tashi tana jan guga: "Gaba nawa ne zurfinsa?" Ya rubuta mita 8, na lissafa a raina, na ce, "Bai kai gaba biyar ba, Inna. Rijiyar gidan Kawu ta fi shi zurfi nesa ba kusa ba." Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta ce to alhamdulillahi, ashe a bakin gaɓa yake wasa, ta sa masa albarka ta koma ɗaki. Ni ma na fita da farin ciki.

Hanyar Agege zuwa Marina ta ci awa biyu saboda ruwan sama. A jirgin ruwan Apapa na zauna ta gefe ina kallon namu jiragen da aka yasar suna tsatsa, waɗanda nake wucewa kullum ban taɓa tunanin abin da ke ƙarƙashinsu ba. Kwantenar Alhaji ba ta fita yau ba, sai gobe in Allah ya kai mu.

Bayan magariba Auta ya kira, na fita baranda don mu yi hira sosai. Muryarsa cike take da ɗoki. Ya ce ruwan digiri 11 ne, alhali namu na Legas yana kai 28, kuma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki da sauri fiye da iska ninki ashirin da wani abu, shi ya sa ba a shiga da rigar roba ta yau da kullum. Wata riga ake sawa wadda ruwa ba ya ratsa ta, a rufe ruf a wuya da wuyan hannu, da kayan sanyi a ciki, a ɗaura dalma a ƙugu don mutum ya iya sauka. Duk da haka, in ji shi, leɓunansa sun mutu da sanyi tun minti biyar na farko, kuma da ya fito bai iya kwance igiyar takalminsa ba sai da aka miƙa masa shayi ya riƙe.

Na gaya masa abin da na faɗa wa Inna game da rijiyar Kawu, ina zaton zai yi dariya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ai mita goman farko su ne malaminmu ya fi ja mana kunne a kai." Ya yi mini bayani a hankali. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne mutum ya ninka na saman ruwa sau biyu, don haka iskar da ka shaƙa daga tukunya a can za ta kumbura ta ninka biyu kafin ka iso sama. Wanda ya taso daga mita 30 zuwa 20, kashi ɗaya bisa uku kawai iskarsa take ƙaruwa. Idan mutum ya firgita ya riƙe numfashi ya yunƙuro sama, huhunsa na iya fashewa ko da daga mita biyu ya taso. Ita ma rigar haka take: kana sauka tana matse ka, sai ka ƙara mata iska, kana tasowa dole ka fitar da ita ta wata kafa da ke kafaɗa, in ba haka ba ta ɗaga ka sama kamar balan-balan.

Na tuna masu haƙar yashi da nake gani daga gadar Third Mainland, suna nutsewa da bokiti babu tukunya babu tiyo, na tambaye shi me ya sa su huhunsu ba ya fashewa. Ya ce su a sama suka shaƙi iskarsu, ta matse a ƙasa, ta dawo yadda take. Shi kuwa a ƙasa yake shaƙar tasa, saboda haka doka ta farko da aka koya masa ita ce kada ya daina numfashi ko na ɗan lokaci. Ya ƙara da cewa ba a nutso mutum ɗaya, malamin yana gefensa tun daga sauka har fitowa, kuma ba su shiga cikin jirgin ba, kewaya shi kawai suka yi. Na yarda da shi, domin Auta ba yaro ne mai ganganci ba, kuma yadda ya riƙe waɗannan ƙa'idoji ya kwantar mini da hankali a kansa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar safe. Ban yi wa Inna ƙarya ba, gaba biyar ɗin gaskiya ne, rijiyar ma gaskiya ce. Amma ta tambaye ni ne don ta san yawan addu'ar da ɗanta yake buƙata, ni kuma na ba ta ma'aunin da bai dace da abin ba, ta ɗauka ta kwanta a kansa. Da safe ban sani ba, yanzu na sani. Maman yara ta ce in bar tsohuwa ta yi barci, hawan jininta bai daɗe da sauka ba, kuma sanin ba zai hana Auta komawa ba. Tana da hujja. Sai dai tun rasuwar Baba, Inna ba ta taɓa tambayata wani abu game da ƙannena na rage mata ba, kuma saboda haka ne take gaskata ni ba tare da ta sake tambayar kowa ba.

Ɗazu ta kira ni ɗakinta, na shiga da niyyar faɗa mata. Kafin in buɗe baki ta miƙo mini ƙullin citta da kanumfari da masoro, ta ce in nemi mai tafiya Ingila ya kai masa, tunda ruwan ba zurfi, sanyin ne kawai abin tsoro. Na karɓa da hannu biyu, na ce to, Inna. Ƙullin yana nan kan tebur kusa da ni, kuma Auta ya ce za su koma ƙarshen wata, wannan karon zuwa mita 12.