Lambar da ke jikin takardar Baba

Alhamis, bayan sallar isha'i.

Ƙarfe takwas aka ce mu je karɓar sakamakon gwajin ƙodar Baba, shi kuwa bai ga dalilin zuwan ba. A cikin adaidaita sai cewa yake, "Uwata, ni fa ba inda ke mini ciwo. Ina ci, ina sha, ina fita kasuwa." Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Wannan shi ne gwaji na biyu. Na farkon an yi shi wata uku da suka wuce, likita ta ce ba a yanke wa mutum hukuncin ciwon ƙoda mai daɗewa da gwaji ɗaya, sai matsalar ta haura wata uku tana nan, don ƙarancin ruwa a jiki ko zazzaɓi mai zafi kan iya kayar da lambar da ke nuna aikin ƙoda na ɗan lokaci. Wata ukun nan duka ina addu'ar ta tashi. Da 43 ce, yau 41.

Allah ya saka wa likitar nan da alheri, ba ta sallame mu da gaggawa ba. Ta juya takardar, ta yi mana zane a bayanta. Akwai wani datti da tsokar jiki ke fitarwa kullum, kiriyatinin, ƙoda ce ke tace shi ta zubar a fitsari. In ta fara gajiya sai ya taru a jini. Da shi, da shekarun mutum, da ko namiji ne ko mace, ake lissafo eGFR, wato ƙiyasin mililita nawa ƙoda ke tacewa a minti ɗaya. Mai lafiya yana kusa da 90 zuwa sama. Daga 59 zuwa 30 mataki na uku ne, 29 zuwa 15 na huɗu, ƙasa da 15 kuwa na biyar, inda ake fara maganar wankin ƙoda ko dashe. Baba yana ɓangaren ƙasa na mataki na uku. Gwajin fitsarin ma ya nuna furotin na zuba, abin da ƙoda mai lafiya ke riƙewa. Sai a lokacin ya yarda ya ce ya daɗe yana ganin kumfa.

Ta sunkuya ta danna babban yatsanta a ƙaurinsa. Da ta ɗaga, wurin ya lotsa, bai ciko da wuri ba. Ni da nake wanke masa safa ban taɓa lura ba.

"Baba, wane magani kuke sha?" Na zazzage ledar a kan teburinta. Na hawan jini yana nan kusan cike, don sai kansa ya yi ciwo yake sha. Wanda ya kusa ƙarewa shi ne haɗin da yake saya a kemis saboda ciwon baya, da diklofenak a ciki. Ta ware shi gefe, ta ce hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu cin ƙoda a ɓoye, irin wannan maganin kuma yana ƙara mata nauyi. Abin da ya lalace ba ya dawowa, amma in an riƙe hawan jinin, an rage gishiri da magi, mutane da yawa a wannan mataki ba sa kaiwa ga wanki.

Da za mu fita muka bi ta gaban ɗakin wankin ƙoda. Wani saurayi na zaune a benci, hannunsa naɗe da bandeji, mahaifiyarsa na yi masa fifita. Sau uku a mako, awa huɗu kowane zama, in da kuɗi. Baba ya yi musu sannu, bai ƙara cewa komai ba har muka iso gida.

Inna ta yi miyar kuka da rabin gishirin da ta saba, ya cinye bai yi ƙorafi ba. Na sa ƙararrawa a wayata ƙarfe bakwai na safe saboda ƙwayarsa. Da zan tafi ya kira ni, takardar na ninke a aljihun rigarsa, ya ce, "Uwata, ke ma ki je a auna ki."