Abin da ke ƙarƙashin hanyar Sawakin zuwa Jidda

Ɗan yayata yana aiki a kicin ɗin wani jirgin ruwa na masu bincike, kuma da ya sami hutu kwanakin baya ya zo gaishe mu a nan Jidda da wata tsaraba da ban taɓa ganin irinta ba. Farin kofin shayi ne, irin mai kama da soso ɗin nan da masu shayi suke miƙo wa mutum a bakin titi, sai dai ya tsuke har bai kai finjalin gahawa ba, ya yi tauri, sunan da ya rubuta a jikinsa kuma ya ƙanƙance kamar rubutun laya. Ya ɗora mini shi a tafin hannu ya ce, "Kawu, wannan kofin ya je inda babu wani a danginmu da ya taɓa zuwa." Ashe al'ada ce a irin waɗannan jirage a tara kofuna a cikin raga, a ɗaure ta a jikin na'urar nutso kafin a saukar da ita, sai nauyin ruwa ya matse iskar da ke cikinsu su dawo a haka. Nasa ya sauka wajen mita 2,000 a tsakiyar Bahar Maliya.

Maganar tasa ta tsaya mini a rai, domin danginmu sun daɗe suna ratsa wannan ruwa. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar aikin hajji, suka yi shekaru a hanya suna noma suna ƙwadago, har suka iso Sawakin, inda suka shiga jiragen katako masu filafilai suka ƙetare. Wasu sun dawo sun zauna a Bur Sudan, inda aka haife ni. Ni kaina na ƙetara sau da yawa a babban jirgin fasinja, tafiyar dare guda, kuma duk abin da na sani game da tekun bai wuce fuskarsa ba. Sai yanzu na fahimci cewa a tsakiyar wannan hanya akwai wani dogon kwazazzabo da zurfinsa ya doshi kilomita 3, kuma ramuka biyu daga cikin ramukansa ma sunan garuruwanmu suke ɗauke da shi a taswirar masana, ɗaya na Sawakin, ɗaya na Bur Sudan.

Dalilin kwazazzabon shi ne ƙasar Larabawa tana janyewa daga Afirka da kimanin santimita 1 a kowace shekara, tsakiyar tekun tana buɗewa, narkakken dutse yana tasowa yana cike gurbin. Wanda yake son ya leƙa wurin yana da abokan gaba biyu, duhu da nauyin ruwa. Hasken rana yana raunana sosai daga mita 200, kafin a kai mita 1,000 kuwa ya ƙare ƙurmus. Nauyin ruwa kuma yana ƙaruwa a kowace mita 10 da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, saboda haka a mita 2,000 kowane wuri mai faɗin farcen yatsa yana ɗauke da kilo 200, wato buhu huɗu na sukari a kan farce guda. Ko Jacques Cousteau, Bafaranshen da ya kafa gidajen zama a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, arewa da Bur Sudan, a 1963, mutanensa wata guda suka yi a zurfin mita 10 kacal, biyu daga cikinsu kuma suka yi mako guda a wajen mita 30. Wannan bakin ƙofa ne kawai.

Jirgin bincike da kunne yake fara gani. A ƙarƙashin cikinsa akwai na'urar da take aika sauti ƙasa ta saurari amsa-kuwwarsa, kuma tun da sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwan teku, amsar da ta dawo bayan daƙiƙa biyu da rabi da 'yan kai tana nuna cewa ƙasa tana nisan mita 2,000. Na'urorin zamani suna watsa ɗaruruwan layukan sauti lokaci guda kamar buɗaɗɗen mafici, jirgin kuma yana kai da komo layi bayan layi kamar mai huɗa a gona, har taswirar tuddai da ramuka ta fito a kwamfuta. Aikin yana cin lokaci ƙwarai, shi ya sa har yau abin da aka auna da wannan inganci bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan tekunan duniya ba.

Bayan taswira ta nuna inda ya cancanci a duba, sai a saukar da na'urar nutso, wadda ɗan yayata yake kira butum-butumi ko da yake ba ta kama da mutum ko kaɗan. Ya nuna mana hotonta a wayarsa: akwati ne na ƙarfe mai girman ƙaramar mota, da fitilu da kyamarori a gaba, da farfela a kowane gefe, da hannuwa biyu masu yatsun ƙarfe. Babu kowa a cikinta. Doguwar igiya ce take haɗa ta da jirgi, wutar lantarki da umarnin matuƙi suna sauka ta cikinta, hoto kuma yana hawowa nan take. Ya ce saukar kaɗai takan ci fiye da awa guda, kuma duk tsawon nutson dole jirgin ya tsaya cak a wuri ɗaya, injina suna ta gyara masa tsayuwa saboda iska da igiyar ruwa, domin in ya gusa zai ja na'urar kamar akuya a turke. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya siffanta ɗakin da ake tuƙa ta, domin shi yake kai musu shayi da tsakar dare. Ɗaki ne mai duhu da sanyi, bango cike da allunan talabijin, matuƙi ɗaya yana riƙe da sandar tuƙi, na biyu yana sarrafa hannun ƙarfe, masana kuma suna tsaye a bayansu suna magana ƙasa-ƙasa. Ya ce ya taɓa tsayawa da faranti a hannu wajen minti ashirin yana kallon yadda ake lallaɓa wani bututu a cikin laka, kowa ya riƙe numfashi, shayi ya huce babu wanda ya waiwaya.

Tun kafin waɗannan na'urori su yawaita, da kwalba da ma'aunin zafi a bakin waya aka gano babban abin mamakin wannan teku. A 1948 jirgin Albatross na ƙasar Suwidin ya ɗebo ruwa daga can ƙasa wanda zafinsa da gishirinsa suka ɗan zarce yadda aka zata. A 1964 jirgin Discovery na Birtaniya ya ciro ruwa mai zafin digiri 44, a shekara mai bi kuma jirgin Atlantis II na cibiyar Woods Hole ta Amurka ya sami mai digiri 56 a wani rami kusa da wurin, ramin da har yau ake kira da sunan wannan jirgi. Yana nisan kilomita 100 da 'yan kai yamma da Jidda, a zurfin da ya haura mita 2,000, kuma awon da aka yi ta maimaitawa a shekarun baya ya nuna zafin ya ƙaru har wajen digiri 68.

Abin da ke cikin ramin tafki ne a ƙarƙashin teku. Miliyoyin shekaru da suka wuce wannan kwari ya sha ƙafewa, ya bar gishiri mai kaurin gaske a binne. Ruwan teku yana kutsawa ta tsagogin dutse, ya narkar da gishirin, ya ɗauki zafi daga duwatsun ƙasa, ya wanko ma'adinan da ke cikinsu, sannan ya ɓullo ya kwanta a ramin. Gishirinsa ya ninka na teku kimanin sau bakwai, saboda haka ya fi ruwan da ke kansa nauyi, ba ya gaurayuwa da shi, yana da fuska da gaɓa irin ta kowane tafki, har sautin na'urar awo yakan dawo daga fuskar tasa kamar ya bugi ƙasa. Babu iskar shaƙa a cikinsa. An san ramuka masu irin wannan ruwa fiye da 20 a Bahar Maliya, wasu masu zafi, wasu ba su da shi. Shi kansa ruwan da ke kewaye da su ba irin na sauran tekuna ba ne: a manyan tekuna ruwan can ƙasa yana kusa da daskarewa, a nan kuwa yana wajen digiri 21 har gindi, domin mashigar Babul Mandab ba ta da zurfin da sanyin tekun Indiya zai bi ya shigo.

Inda ake da ma'adini kuwa ba a rasa masu lissafi. Lakar da ta taru a gindin ramin Atlantis II an ƙiyasta ta kai tan miliyan 90 idan an busar da ita an cire gishiri, kuma tana ɗauke da tutiya da tagulla da azurfa da ɗan zinariya. A 1974 Sudan da Saudiyya suka sa hannu a wata yarjejeniya da na ɗauka tana cikin mafi hankali da aka yi a kan iyakar ruwa: kowace ƙasa tana da abin da ke gefenta har inda zurfi ya kai mita 1,000, abin da ya fi haka zurfi a tsakiya kuma na tarayya ne. Suka kafa hukumar haɗin gwiwa, suka ɗauki kamfanin Preussag na Jamus, a 1979 kuma aka kawo jirgin haƙa mai suna Sedco 445 ya zuƙo lakar ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 2, aka tabbatar cewa abin yana yiwuwa. Daga nan farashin ma'adinai ya faɗi a kasuwannin duniya, aka naɗe tabarmar aikin. A 2010 an sake ba da lasisin haƙa na shekara 30, amma har yanzu ba a fara haƙar kasuwanci ba.

Na girma ina jin manya a Bur Sudan suna ambaton wannan dukiya da takaici, kamar gadon da aka hana magada, kuma na fahimci takaicin, musamman yanzu da yaƙi ya ɗaiɗaita ƙasar tun 2023. Amma da na duba lissafin sai jikina ya yi sanyi. A cikin kilo 100 na busasshiyar lakar, tutiya kimanin kilo 2 ce, tagulla ba ta kai rabin kilo ba sosai. Ragowar fa, mai laushi kamar kunu, dole a mayar da ita wani wuri, kuma wurin shi ne tekun, wanda kusan rufaffe ne, ruwansa ba ya sauyuwa da sauri, gaɓarsa ta kowane ɓangare kuma murjani ne da kifin da masunta suke ci da shi. Ban ce kada a taɓa ba har abada. Abin da nake gani shi ne jinkirin da aka samu bai zama asara ba, domin a cikin waɗannan shekaru idon da ake duba wurin da shi ya ƙaru ƙwarai, kuma kullum aka duba sai an ga abin da ba a yi tsammani ba.

Misali mafi kusa shi ne na 2020, lokacin da jirgin OceanXplorer yake aiki a mashigin Aƙaba, can arewacin Bahar Maliya. A mintunan ƙarshe na wani nutso da ya ɗauki awa 10, na'urarsu ta ci karo da tafkunan gishiri a zurfin mita 1,770, kilomita 2 kacal daga gaɓa, inda babu wanda ya zaci akwai su. Babba daga ciki bai kai filin ƙwallo biyu ba. Masu binciken, ƙarƙashin jagorancin Sam Purkis na Jami'ar Miami, sun ga ƙwayoyin halitta sun yi shimfiɗa a bakin tafkin, kifaye da jatan lande kuma suna kewaya gaɓarsa suna dakon duk abin da ya yi kuskuren faɗawa ciki ya sume. Mafi muhimmanci a wurina shi ne lakar da suka ciro da bututu. Tun da babu tsutsa ko wata dabba da za ta iya rayuwa a ciki balle ta tona ta, lakar ta kwanta hawa-hawa kamar shafukan littafi, ta adana tarihin ambaliya da girgizar ƙasa da igiyar tsunami na kimanin shekara 1,200. Mai shirin gina birni a wannan gaɓa yana bukatar karanta wannan littafi, bututun zuƙo ma'adini kuwa zai dama irinsa ne a cikin yini guda. Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha da aka buɗe a Thuwal a 2009 tana da nata jirgin binciken, kuma ina fatan ganin ranar da 'ya'yan Takari, wato irinmu zuriyar mahajjatan ƙasar Hausa, na gaɓar nan da ta can za su zauna a kujerar matuƙi, ba su tsaya a bayanta da farantin shayi kaɗai ba. Na faɗa wa ɗan yayata haka, ya yi dariya ya ce ai ya fara tambayar yadda ake samun horon.

Inna tana zaune a kan dardumarta duk tsawon hirar, tana juya kofin a hannu. Mahaifiyarta ta sha ba ta labarin ƙetarewarsu daga Sawakin, yadda iska ta ɗauke suka yi kwanaki a tsakiyar ruwa, wata tsohuwa 'yar ayarinsu ta rasu, aka yi mata sutura da salla a cikin jirgin aka saukar da ita a teku. Sai ta dubi jikanta ta ce, "Maigidana, in wannan abin naku ya sauka can ƙasa, kuna ganin mutanen da aka saka a ciki?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, Hajiya, ba mu taɓa gani ba. Laka ce shimfiɗe iya inda fitila ta haska, sai kifi jefi-jefi. Abin mutane da muka fi gani shi ne leda da gwangwanin lemo, ranar nan ma har da takalmi wari guda."

Ta yi shiru, ta yi wa tsohuwar addu'a, sannan ta tambaye shi ko zai bar mata kofin ta nuna wa maƙwabta.