Yadda na auna halin ministocin makarantarmu

A shekarar da muka kafa gwamnatin ɗalibai a makarantar firamaren da nake koyarwa a Maradi, darakta ya ɗora mini nauyin gano ko shirin yana gyara halin yara, domin kwamitin iyaye ya nemi hujja. A watan Oktoba, da aka koma karatu, yara suka zaɓi shugaba da ministocin tsabta, lafiya da sulhu.

Na fara da SDQ, wata takardar auna halin yara mai tambayoyi 25, wadda likitan ƙwaƙwalwar yara Robert Goodman ya fitar a Ingila a 1997, ina karanta wa 'yan ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, da Hausa. Kusan kowa ya ce yana taimakon mai kuka, ba ya faɗa, ba ya ƙarya, har da wanda na raba da dambe da safiyar ranar. Yaron da malami ya tsare da ido, abin da malamin yake son ji shi zai faɗa.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai. Na ɗauki ɗaga murya da kallon babba ido cikin ido a matsayin ƙarfin zuciya, don haka na ba ministar sulhu maki kaɗan, saboda kanta a sunkuye yake, amsarta ba ta wuce "To, malam". Wata rana da hunturu na hango ta a bakin famfo, yara biyu suna kokawa kan bokiti. Ta karɓe bokitin, ta aiki ɗaya ya ɗauko tsintsiya, sai da ransu ya huce sannan ta saurari kowanne shi kaɗai. Kunyar da aka tarbiyyantar da ita a kai ce na rubuta a matsayin rauni.

Daga nan na koma ga littafin lura. Kowace Juma'a nakan rubuta abin da ido ya gani kawai: wanda ya jira layinsa, wanda ya ba da haƙuri ba a tilasta masa ba, wanda ya kai ƙara maimakon ramuwa. Nakan kuma tambayi mai ƙosai ta bakin ƙofa, wadda ta fi mu sanin halinsu idan babu malami kusa. Kowane yaro da kansa nake gwada shi, na Oktoba da na Yuni.

Shafin shugaban nasu, mai zaƙin baki, shi ne ya fi ƙarancin rubutu, kuma haka na karanta wa kwamitin iyaye, mahaifinsa na zaune.