Leƙa cikin fayil ɗin .o da libelf: inda RAM take zurarewa

Guntun STM32F103C8, ƙaramar kwamfuta ta ARM a kan cip guda, RAM ɗinsa kilobayit 20 ne kacal. Da manhajar da nake ɗora masa ta kusa cinye ta, sai na rubuta ƙaramin shiri da C wanda zai buɗe kowane fayil na .o da kwamfaila (mai juya rubutun C zuwa umarnin na'ura) ya fitar kafin a haɗa su su zama manhaja ɗaya, ya faɗa min nawa kowanne yake ci. Na yi amfani da libelf na elfutils, laburaren karanta ELF, wato tsarin da fayilolin .o suke bi. A Debian da Ubuntu sunan kunshin libelf-dev, wajen haɗawa kuma a ƙara -lelf.

Kafin komai sai an kira elf_version(EV_CURRENT). In aka tsallake shi, elf_begin zai dawo da NULL ko da fayil ɗin lafiyarsa lau. Daga nan a buɗe fayil, a miƙa shi ga elf_begin da ELF_C_READ, a tambayi elf_kind. Fayil na .a zai amsa ELF_K_AR, domin buhu ne da aka zuba fayiloli da yawa, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya da elf_next.

Shawarata, a riƙe ayyukan da suka fara da gelf_. Kan fayil na 32-bit bayit 52 ne, na 64-bit kuma 64. Bayanin kowane suna a jadawalin ayyuka da bariyabul bayit 16 ne a na farko, 24 a na biyu. Kwamfutar da ake aiki a kanta 64-bit ce, fayilolin ARM ɗin 32-bit, to gelf_getehdr da gelf_getsym su ke ɗauke wa mutum wannan ciwon kai. A e_machine, gurbin kan fayil mai faɗin nau'in na'ura, 40 ARM ne, 62 kuma x86-64.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne sunaye. A ELF ba a ajiye suna kusa da abin da aka raɗa wa shi. Lamba ce kawai mai nuna wuri a wani jadawalin haruffa, kuma jadawalan guda biyu ne. Sunayen sassa irin su .text da .data suna cikin wanda elf_getshdrstrndx ya nuna. Sunayen ayyuka da bariyabul kuwa suna cikin wanda sh_link na sashen .symtab ya nuna. Na ba elf_strptr, aikin da ke ɗauko suna, jadawali na farko a madadin na biyu, bai yi ƙorafi ba, sai ya riƙa fito min da guntattakin sunaye irin "tab" da "ext". Yawan sunayen kuwa, a raba sh_size da sh_entsize. Suna na farko a .symtab fanko ne, a wuce shi.

Sashen .bss, wato bariyabul da ƙimarsu ta farko sifili ce, nau'insa SHT_NOBITS ne. Yana da girma a rubuce, amma ko bayit ɗaya babu a cikin fayil, kuma d_buf ɗinsa, mai nuna inda bayanan sashe suke, NULL ne. Wanda ya yi ƙoƙarin karanta shi, shirinsa ya faɗi. Lissafin RAM shi ne .data da .bss. Sai dai .data sau biyu ake biyan kuɗinsa, don ƙimarsa ta farko tana zaune a filash, ana kwafo ta lokacin kunnawa.

Duk da haka lissafina ya gaza na mahaɗi, wato linker mai haɗa fayilolin .o. Wasu fayilolin tsohon kwamfaila ne ya fitar da su. Kafin GCC 10 na 2020, bariyabul na gama-gari da ba a ba shi ƙimar farko ba ba ya shiga .bss, ana yi masa tambarin SHN_COMMON, sai mahaɗi ya nema masa wuri daga baya. Girmansa na st_size, st_value kuma a nan ba wuri ba ne, tazarar jeri (alignment) ce. Da na haɗa da su, lissafi ya matso.

Ko a sauran sunaye ma st_value ba adireshi ba ne a fayil na .o, nisa ne daga farkon sashensa, tunda ba a riga an haɗa ba. A ARM akwai ƙarin tarko: ayyukan da ke cikin Thumb, salon gajerun umarni na ARM, bit ɗin ƙarshe na st_value ɗinsu a kunne yake, shi ya sa lambar ke fitowa mara. Za a kuma ga sunaye irin $t da $d, alamun inda umarni ya fara da inda bayanai suka fara ne, a tace su. In an harhaɗa da -ffunction-sections da -fdata-sections, kwatanta sunan sashe da ".bss" ba zai ƙara amfani ba, don kowane bariyabul da sashensa, kamar .bss.buf. Gara a duba tutocin SHF_ALLOC da SHF_WRITE.

Da -flto, zaɓin da ke jinkirta fitar da umarnin na'ura zuwa lokacin haɗawa, labari ya sauya. GCC zai ba da ELF cike da sassan .gnu.lto_ amma .text kusan wayam, Clang kuwa abin da yake fitarwa ba ELF ba ne sam, elf_kind zai ce ELF_K_NONE. Irin waɗannan sai dai a auna fayil na ƙarshe bayan haɗawa.

Kowane sakamako nakan gwada shi da readelf -S da readelf -s kafin in yarda da shi. A wajen rufewa, elf_end ne farko, sannan close.