Zanen Aborijin a bayan gilashin shagon masu hannu da shuni

Jiya da yamma na bi ta Collins Street a birnin Melbon na Ostireliya, titin nan da in aljihunka ba nauyi to naka kallo ne kawai, sai na ci birki gaban wani shagon jakunkunan mata. Wallahi ba jakar ce ta tsayar da ni ba, zanen Aborijin, wato 'yan asalin Ostireliya, da suka kafa a bayanta ne. Ɗige-ɗige ja da fari da ruwan ƙasa, da'ira cikin da'ira, layi ya fito daga wannan ya shige waccan, an haske shi da fitila sai ƙyalli yake.

Mai wucewa zai ce kwalliya ce, alhali ƙasa ce aka zana kamar yadda tsuntsu ke hangota daga sama. Da'irar nan sau da yawa mashayar ruwa ce ko wurin da aka yada zango, layin kuma hanyar da kakanni suka bi, kuma ba kowa ke da izinin zana kowane labari ba, sai wanda ya gada. A ƙauyen Papunya da ke tsakiyar Ostireliya aka fara ɗora irin wannan zane kan katako da fentin zamani a 1971, da ƙarfafawar wani malamin makaranta Geoffrey Bardon, kuma daga baya har da ɗigon suka riƙa rufe sirrin da bai kamata baƙo ya gani ba. Yanzu ga shi yana gadin jaka.

Ni fa ban ce haramun ba ne. Kamfanin kayan ƙawa na Hermès sun taɓa fitar da gyale da zanen wata 'yar Aborijin, Gloria Petyarre, da sunanta a kai, ba laifi. Amma labarin Lena Nyadbi ne ya tsaya min a rai, 'yar ƙabilar Gija da ta zana ɓawon kifin barramundi, wanda a labarinsu shi ya zube ya zama lu'ulu'u, sai aka zo aka haƙa ma'adinar Argyle a daidai wurin, inda aka riƙa samo lu'ulu'un nan ruwan hoda masu ɗan karen tsada har zuwa 2020. A 2013 aka shimfiɗa zanen nata a rufin gidan tarihi na Quai Branly a Paris, daga hasumiyar Eiffel ake hangensa. Wurin da ta zana kuwa ya zama rami.

Kuma jabu ya yi yawa, rahoton gwamnatin Ostireliya na 2022 ya ce biyu cikin uku na kayan tsaraba masu kama da na Aborijin ba hannunsu a ciki sam.

Shi ya sa na duƙa ina neman sunan mai zanen shagon. Na same shi kuwa, can ƙasa a lungu, ɗan kati da sunan matar da yankinsu, sai da na kara hancina da gilashin kafin na iya karantawa, mai gadi har ya fara harara ta.